Filin Tambaya da Amsa: An Sauya Modul, Kafa Ta Ƙi Tashi

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duk abu ɗaya suke kewayawa, wato ɗan ƙarfen nan mai tsawon ɗan yatsa da ake zurawa a kafar suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutoci a hanyar sadarwa) ko ta katin sadarwa, a jona masa wayar faiba ko ta tagulla. Ma'aikata suna kiransa SFP, ni kuma zan riƙa ce masa modul, domin danginsa suna da yawa kuma ba duka ke amsa sunan SFP ba. Na taƙaita wasiƙun, na kuma haɗa waɗanda suka yi kama da juna.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne mai kula da hanyar sadarwar ofishinmu. Muna da suwic biyu da faiba ta haɗa, kowanne da modul mai gudun gigabit 10. Ɗaya ya lalace, aka maye gurbinsa da wani tsoho wanda gigabit 1 kawai kafofinsa ke ɗauka. Na zare modul na gigabit 10 daga suwic mai lafiyar, na zura na gigabit 1 irin na ɗaya ɓangaren, amma fitilar kafar ta ƙi kamawa. Shin zare modul yana goge saitin kafa ne, sai mutum ya sake rubutawa daga farko? — Wani ma'aikacin sadarwa

Amsa: Wa alaikumus salam. Zare modul bai goge maka komai ba, kuma ina kyautata zaton rashin gogewar ne ma ya hana fitilar kamawa. Saitin kafa a cikin suwic yake zaune, ba a cikin modul ba. Abin da modul yake ɗauke da shi ɗan ƙaramin ma'aji ne mai bayanin kansa: sunan kamfanin da ya ƙera shi, lambar samfurinsa, lambarsa ta kansa, irin hasken da yake fitarwa, nisan da zai iya kaiwa, da gudun da aka yi shi dominsa. Da zarar ka tura shi ya zauna, ɗaya daga cikin haƙoransa 20 yana sanar da suwic cewa an samu baƙo, suwic kuma ya karanta wancan ma'aji ta wasu haƙora biyu. Haka kamfanonin ƙera waɗannan na'urori suka amince a tsakaninsu tun a takardar INF-8074i ta shekarar 2001. Suwic yana karanta bayanin ne kawai. Ba ya ajiye VLAN ɗinka (rukunin hanyar sadarwa da aka ware aka sa kafar a ciki) ko adireshinka a can.

Saboda haka ka raba saitin kafa gida biyu a zuciyarka. Akwai waɗanda ba ruwansu da wane modul ke ciki, kamar VLAN, adireshin IP, girman MTU (iyakar girman ƙunshin saƙo ɗaya), dokokin tace zirga-zirga da bayanin da aka rubuta wa kafar. Waɗannan za su zauna daram ko da ka sauya modul sau goma a yini. Akwai kuma 'yan kaɗan da suka rataya ga modul: gudu, sasantawa tsakanin ɓangarori biyu, da tsarin gyaran kuskure. Idan wanda ya kafa layin tun farko ya ƙulle gudun kafar a kan 10000 (megabit, wato gigabit 10), to tana nan a kan 10000, tana yi wa modul na gigabit 1 magana da saurin da ba zai iya bi ba.

A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, domin sun saba da wayar tagulla, inda na'urori biyu ke sasantawa su zaɓi gudu mafi girma da dukkansu za su iya. A faiba babu wannan ciniki. Modul na haske mai gigabit 10 ba ya sasanta komai da ɗaya ɓangaren. Shi kuwa na gigabit 1 yana da tasa sasantawar, wadda ta zo a ƙa'idar IEEE 802.3z ta 1998, sai dai ba ta shafi gudu ba; batun aikawa da karɓa a lokaci ɗaya da kuma batun dakatar da juna idan kaya sun yi yawa kaɗai take daidaitawa. Idan ka ga an bar gudun kafar faiba a kan "auto" kuma ta gane gigabit 1 da kanta, daga ma'ajin modul ta karanto, ba daga maƙwabcinta ba.

Ga yadda zan bi abin in da ni ne a gaban na'urar. Da farko zan tambayi suwic me ya karanta, in tabbatar ya ga modul ɗin kuma ya karɓe shi. Sannan in duba littafin na'urar, domin ba kowace kafar SFP+ (mai gigabit 10) ce ke yarda ta sauko gigabit 1 ba, ko da yake yawancinsu suna yarda. Daga nan in saita gudun a kan 1000 da hannuna. Idan har yanzu shiru, sai in duba sasantawar a ɓangarorin biyu, kuma alamarta ba ta ɓuya: ɓangare ɗaya yana nuna layi ya tashi, ɗayan yana nuna a kwance yake. Wanda ya ce ya tashi shi ne aka kashe wa sasantawa, wanda ya ce a kwance kuwa yana jiran amsar da ba za ta zo ba. Ko dai a kunna a duka biyun, ko a kashe a duka biyun. A na'urorin Cisco umarnin kashewar shi ne `speed nonegotiate`.

Kada kuma ka tashi daga kujera da zarar fitila ta yi kore, domin akwai abubuwan da ke sauyawa a ɓoye idan gudu ya sauya. Tsarin STP, mai hana kaya zagayawa ba iyaka a tsakanin suwic-suwic, yana lissafa tsadar hanya daga gudunta: a tsohon jadawali gigabit 10 tana da 2, gigabit 1 tana da 4, a sabon jadawali 2,000 da 20,000 ne. Wannan kaɗai ya isa ya sa kayan ofishin su koma bin wata hanyar. Idan kafar tana cikin damin LACP, wato kafofin da aka haɗa su yi aiki kamar layi ɗaya, tare da wasu masu gigabit 10, suwic zai ajiye ta gefe, domin dami ba ya haɗa masu gudu daban-daban. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne OSPF, tsarin zaɓa wa kaya hanya mafi ƙarancin tsada, a na'urorin Cisco IOS da ba a taɓa ma'auninsu na asali ba, wato megabit 100: a wurinsa gigabit 1 da gigabit 10 duk tsadarsu 1 ce, don haka zai ci gaba da tura kaya iri ɗaya ta hanyar da ta ƙuntata sau goma, ba tare da ya san an yi wani sauyi ba.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Suwic ɗina na Juniper ne. Na sauya modul daga na gigabit 10 zuwa na gigabit 1, layi ya tashi lafiya, amma kafar ba ta cikin VLAN ɗin da na sa ta, kamar ban taɓa saita ta ba. Na duba saitin kuma yana nan yadda na rubuta shi. — Wata injiniya

Amsa: Malama, saitinki yana nan, amma yana rataye ne a wuyan kafar da ba ta nan. A na'urorin Juniper irin EX da QFX, sunan kafa yana bin gudun modul: mai gigabit 1 tana farawa da ge, mai gigabit 10 da xe, daga gigabit 25 zuwa sama kuma da et. Lokacin da kika zare tsohon modul, kafar xe-0/0/5, alal misali, ta ɓace, da kika zura sabo kuma sai aka haifi ge-0/0/5, wadda a wurin Junos, manhajar na'urorin Juniper, baƙuwa ce da ba a rubuta mata ko layi ɗaya ba. Abin da ke ƙara rufe ido shi ne Junos yana karɓar saiti a kan kafar da babu ita ba tare da ƙorafi ba, saboda haka babu saƙon kuskure da zai farkar da ke.

Ki kwafe saitin zuwa sabon sunan, sannan ki bi duk inda aka ambaci tsohon suna a wasu sassan, kamar RSTP (wani nau'in STP), OSPF da shiga dami, domin kowannensu da suna yake riƙe kafa. Idan kafa ce da kika san za a riƙa sauya mata modul, ki rubuta wa sunayen biyu saiti iri ɗaya tun yanzu ta hanyar interface-range, duk wanda ya bayyana ya tarar da nasa. Ki kuma leƙa manhajar da ke sa ido a kan na'urorinku, domin sabon suna yana zuwa da sabuwar lambar SNMP (wadda manhajar ke gane kafa da ita), kuma jadawalin zirga-zirgar tsohuwar kafar zai miƙe a kan sifili har wani ya ɗauka babu mai amfani da ita. Irin wannan sauyin suna yana faruwa a na'urorin kamfanoni da yawa idan aka raba kafar QSFP+ mai gigabit 40 zuwa huɗu masu gigabit 10, kuma a wasunsu rabawar ba ta kama aiki sai an sake kunna na'urar.

Tambaya: Malam, ya halatta a zare modul alhali suwic yana kunne? Kuma adireshin MAC zai sauya? — Wani ɗalibi

Amsa: Ya halatta, don haka ma aka ƙera shi. Idan ka juya modul ka dubi haƙoransa na zinariya da kyau, za ka ga ba tsawonsu ɗaya ba: na sauke wuta ƙasa sun fi tsawo don su fara taɓawa, na wutar aiki su biyo, na saƙo su zo daga ƙarshe. Ka fara cire wayar faiba, ka rufe bakinta da murfinta, sannan ka saukar da ɗan marikin modul ka ja shi a hankali. Kada ka ja shi ta wayar, kada kuma ka taɓa haƙoran da yatsa. Ka ɗan dakata kafin ka zura sabo, don suwic ya gama lura da cewa na farkon ya fita.

Adireshin MAC, wato lambar da ake gane na'ura da ita a kan layi, na suwic ne ko na katin sadarwa, modul na yau da kullum ba shi da nasa, saboda haka ba zai sauya ba. Wanda ya fita daban shi ne modul na GPON da kamfanonin intanet ke ba masu faiba zuwa gida ko ofis. Wannan cikakkiyar na'ura ce a cikin ƙaramin jiki, tana da lambar da aka yi wa rajista a wurin kamfanin, kuma idan ka sa wata a madadinta ba za ta samu shiga ba sai kamfanin ya yi wa sabuwar rajista.

Tambaya: Malam, muna da kwamfutar saba da ke haɗe da suwic a kan gigabit 25 ta gajeriyar wayar DAC (ta tagulla mai modul a manne a bakinta biyu), komai lafiya. Da aka matsar da sabar zuwa wani ɗaki, wayar ba ta kai ba, sai muka sa modul na haske SFP28 a ɓangarorin biyu. Gudu 25 ne a nan da can, kowane ɓangare yana ganin haske mai ƙarfi, amma layi ya ƙi tashi. Mun sauya faiba sau biyu. — Wani mai kula da ɗakin saba

Amsa: Ku bar faibar ta huta, ba laifinta ba ne. Haske mai kyau a ɓangarori biyu, gudu iri ɗaya, layi a kwance, a kan gigabit 25: kafin komai FEC nake tuhuma. FEC wasu 'yan ƙarin lambobi ne da mai aikawa ke haɗawa da saƙo domin mai karɓa ya gyara abin da ya gurɓace a hanya ba tare da an sake aikowa ba. A gigabit 10 na faiba ba a damu da shi ba, shi ya sa waɗanda suka taso a kan gigabit 10 ba su saba neman sa ba. Ƙa'idar gigabit 25, wato IEEE 802.3by ta 2016, ta zo da hali uku: a kashe shi, a yi amfani da mai sauƙi da ake kira BASE-R, ko a yi amfani da mai ƙarfi da ake kira RS. Dole ɓangarorin biyu su kasance a kan hali ɗaya, in ba haka ba kowanne zai ji ɗayan yana magana amma ba zai fahimci ko kalma ɗaya ba.

Dalilin da ya sa kuka zauna lafiya da DAC shi ne wayar tagulla a wannan gudun tana da sasantawa, kuma a cikinta ake daidaita FEC. Har wayoyin ma aji uku ne: akwai mai kai mita 3 ba tare da FEC ba, akwai mai kai mita 3 da BASE-R, akwai mai kai mita 5 da RS. Da kuka koma haske sai sasantawar ta tafi, kowane ɓangare ya koma yin hukunci shi kaɗai. Ko dai suwic yana riƙe da tsohon saitin da aka ƙulle masa tun zamanin DAC, ko kuma an bar duka a kan "auto" amma kamfanin suwic da kamfanin katin saba ba abu ɗaya suke nufi da wannan kalmar ba. A Linux umarnin `ethtool --show-fec` zai nuna muku halin da katin yake ciki, `ethtool --set-fec` kuma ya sauya shi. Ku ƙulle RS a ɓangarorin biyu, domin shi ƙa'idar 25GBASE-SR, ta modul na haske na gajeren zango, ta wajabta, kuma da shi ne take kai mita 70 a faibar OM3 da mita 100 a OM4.

Wani zai ba ku shawara ku kashe FEC a duka ɓangarorin, kuma lallai layin kan tashi idan an yi haka. Ban goyi bayan wannan ba. An ƙera modul irin wannan ne da sanin cewa RS zai share bayansa, har ƙa'idar ta yarje masa kuskuren bit 5 a cikin kowane 100,000 kafin gyara. A gudun gigabit 25, idan layin ya kai wannan iyakar, kuskure sama da miliyan ɗaya ke nan a kowace daƙiƙa. A gajeriyar faiba mai tsabta ba za a kai nan ba, amma ranar da bakin waya ya ɗan yi datti za ku ga lissafin kuskuren CRC, wato na saƙonnin da suka iso a gurɓace, yana hawa, masu amfani suna kukan jinkiri, fitila kuwa tana nan kore. Wannan tarko yana nan a gigabit 100 ma: modul na SR4 mai gajeren zango yana buƙatar RS, na LR4 mai dogon zango ba ya buƙata, don haka sauya ɗaya da ɗaya yana tafiya da sauya saitin FEC. Ku kuma sani cewa a wasu suwic na gigabit 25 kafofi huɗu-huɗu ne ke tarayya a gudu ɗaya, ta yadda saukar da ɗaya zuwa gigabit 10 zai iya kwantar da maƙwabtanta uku.

Tambaya: Malam, na zura modul na wani kamfani daban, suwic ya ce bai san shi ba ya rufe kafar. Na mayar da na asalin, amma kafar ta ci gaba da zama a rufe. Na ƙona ta ne? — Wani mai karatu

Amsa: Ba ka ƙona ta ba. Wasu kamfanoni suna duba sunan maƙeri da wasu lambobi a ma'ajin modul, idan ba su gamsu ba su rufe kafar. A na'urorin Cisco ana kiran wannan hali err-disabled, kuma ba ya warwarewa don kawai ka cire abin da ya jawo shi. Sai ka shiga kafar ka ba ta `shutdown` sannan `no shutdown`, ko kuma idan an kunna farfaɗowa ta kai tsaye ka jira wa'adinta, wanda a asali daƙiƙa 300 ne. Akwai umarnin `service unsupported-transceiver` da ke sassauta binciken. Katunan Intel na dangin X520 ma suna da irin wannan hali a Linux: direban ixgbe yana ƙin aiki da modul ɗin da bai sani ba har sai an sake loda shi, kuma ana sassauta masa da `allow_unsupported_sfp=1`.

Ra'ayina a nan shi ne modul na wasu kamfanoni ba abin ƙyama ba ne, da yawansu suna aiki shekara da shekaru ba tare da matsala ba. Sai dai ka ajiye na asali guda ɗaya ko biyu a aljihun tebur, domin ranar da ka kai ƙara wurin masu na'urar, abin da za su fara nema shi ne ka gwada da nasu.

Tambaya: Malam, ina da na'urar Linux mai kafar SFP+ da ake yawan sauya wa modul, yau na faiba gobe na tagulla mai bakin RJ45. Kullum sai na gyara gudu da sasantawa da hannu. Ina so in rubuta ɗan shiri da zai lura an sauya modul ya gyara saitin da kansa. Me za ka ce? — Wani mai rubuta manhaja

Amsa: Buƙatarka tana da tushe. Abin da ka saita da `ethtool` ba ya tsallake sake kunnawa, kuma fayil ɗin .link na systemd, wanda ke iya riƙe gudu da sasantawa, ana aiki da shi ne lokacin da katin ya bayyana, ba lokacin da aka sauya modul ba. Kafin ka rubuta komai, ka fara mayar da kafar kan sasantawa ta kai tsaye ka gwada modul ɗin duka biyu, domin direbobi da yawa suna karanta ma'ajin su zaɓi yanayin da ya dace, kuma sau da yawa tsohon saitin da mutum ya ƙulle ne ke hana su.

Idan hakan bai wadatar ba, rubuta shirin, amma ka ɗaure masa hannu. Umarnin `ethtool -m` zai ba ka abin da ke cikin ma'ajin. Kada ka yi hukunci da irin modul ɗin da ya ce shi ne, domin modul suna faɗin abin da ba haka ba: da yawa daga cikin na tagulla suna rubuta cewa su na faiba ne, don suwic mai tsauri ya karɓe su. Ka dogara da sunan maƙeri da lambar samfuri, ka yi ɗan gajeren jadawali na waɗanda ka gwada da hannunka, kowanne da saitinsa. Idan aka zura wanda ba ya cikin jadawalin, shirin ya rubuta rahoto ya kira ka, kada ya yi hasashe. Ka kuma ba modul lokaci ya farka kafin a karanta shi. Na tagulla yana da guntun na'ura a ciki da ke buƙatar ɗan lokaci, na GPON ya fi shi jinkiri nesa ba kusa ba, kuma karatun gaggawa kan dawo da shirme. Ma'ajin yana da lambar tantancewa a gurbi na 63 da na 95, ka duba su kafin ka yarda da abin da ka karanto.

Akwai rami guda da kusan duk mai rubuta irin wannan shiri ke faɗawa. Sauya gudu yana kwantar da layi ya sake tayar da shi, idan kuma faɗuwar layi ce ke tayar da shirinka, to zai sake gudu, ya sake saita kafar, layin ya sake faɗuwa, haka har gari ya waye. Maganinsa shi ne shirin ya riƙe lambar modul ɗin da ya gani na ƙarshe, ya kuma kwatanta saitin da ke kai da wanda ake so, idan babu bambanci ya janye hannunsa. Gudu, sasantawa da FEC kaɗai zan yarda ya taɓa. VLAN da adireshi hukunci ne na wanda ya san ina wayar ta nufa, modul kuwa bai san wannan ba. Mai zura modul bai kamata ya samu ikon sauya wa kafa gida ba. Kada kuma ka ɗora shirin a kan kafar da kake shiga na'urar ta cikinta daga nesa.

Tun da ka ambaci na tagulla, idan mai gigabit 10 ne ka sa ido a kan zafinsa. Yawancinsu mita 30 suke kaiwa maimakon mita 100 na kafar tagulla ta asali, kuma suna cin wuta kusan wat 2.5 ko fiye, alhali na haske na gajeren zango bai cika wuce wat 1 ba. Shi ya sa wasu masu ƙera suwic suke hana a jera su kafaɗa da kafaɗa.

Tambaya: Malam, modul ɗinmu na LR ya mutu a layin da ke tsakanin gine-gine biyu maƙwabta. Na samu wani mai rubutun ER a ajiya, na ga nisansa ya fi, na sa shi. Layi ya tashi amma yana yawan kuskure, wani lokaci ya faɗi ya dawo. Wane saiti zan gyara? — Wani ma'aikacin gyara

Amsa: Babu saitin da zai gyara wannan, domin matsalar ta haske ce. LR yana aiki da haske mai nanomita 1310 zuwa kilomita 10, ER kuma da mai nanomita 1550 zuwa kilomita 40. Idon da ke karɓar haske a cikinsu yana ganin duka biyun, shi ya sa layin ya tashi har ka ɗauka an dace. Amma an ƙera ER ne don haskensa ya sha doguwar tafiya kafin ya isa: yana iya fitar da +4 dBm (ma'aunin ƙarfin haske), alhali idon LR ba ya jure abin da ya wuce +0.5 dBm, idon ER kansa kuma −1 dBm ne iyakarsa. A tsakanin gine-gine biyu maƙwabta hasken yana isa da kusan dukkan ƙarfinsa ya dallare idon, kuma idan abin ya daɗe yana iya lalata shi.

Modul ɗin da kansa zai gaya maka gaskiyar lamarin. Ƙa'idar SFF-8472 ta sa yawancinsu suna auna zafin jikinsu, wutar da ke shigar musu, hasken da suke fitarwa da wanda suke karɓa. A Cisco ka duba da `show interfaces transceiver`, a Juniper da `show interfaces diagnostics optics`. Na LR yana son abin da yake karɓa ya faɗa tsakanin +0.5 da −14.4 dBm, kuma tsakiyar wannan fili ta fi gefensa kwanciyar hankali. Gyara na gaskiya shi ne a samo LR a mayar da ɓangarorin biyu iri ɗaya. Kafin a samo, ka sa ɗan abin rage haske mai 5 dB a bakin karɓa na kowane ɓangaren da awo ya nuna ya cika, ka sake aunawa.

Ka mayar da wannan awo al'adar aikinka, kafin sauya modul da bayan sauyawa, ka rubuta lambobin biyu. Na taɓa kwashe rabin dare a wani wurin aiki ina juya saitin kafa gaba da baya bayan na sauya modul, sai daga baya na duba awon na ga −19 dBm. Ashe lokacin da na cire wayar na ajiye bakinta a kan murfin na'urar ba tare da na rufe ba. Ɓargon faiba mai hanya ɗaya kusan maikiromita 9 ne, ƙwayar ƙura guda ta isa ta tare shi. Na goge bakin sau biyu da alƙalamin gogewa, na mayar, awon ya hau zuwa −6 dBm, fitila ta kama. Idan za ka duba bakin waya, da madubin duba faiba za ka duba bayan ka cire ta daga modul na ɗaya ɓangaren, domin hasken 1310 da na 1550 ido ba ya ganinsu, kuma ba za ka san yana kunne ba.